Teburi Na Huɗu

Jama'a, ni ba marubuciya ba ce, a aji huɗun firamare na tsaya, wannan ma a waya nake dannawa a hankali, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Amma abin da zan faɗa muku wallahi ni ya faru da ni, a falona, da rana tsaka, ba mafarki ba ne kuma ba a bakin wani na ji ba. Shekara uku ke nan, lokacin muna haya a Jiddari Polo nan Maiduguri, ni da maigidana Modu da 'yarmu Zara, tana shekara huɗu a lokacin, ita kaɗai Allah ya ba mu.

Baban Zara hoto da bidiyon biki yake ɗauka, yana da ɗan shago a cikin gari. Akwai wata shekara da laftof ɗinsa ta mutu da bidiyon wushe-wushen wata amarya a ciki, wato shagalin daren biki, dangin amaryar suka zo har ƙofar gida suka ci masa mutunci, tun daga ranar ba shi da magana sai ta wurin ajiya. To ana nan wata ƙungiyar agaji ta rufe ofishinta, aka fitar da kayansu gwanjo, sai ga shi ya dawo da wani baƙin akwati a cikin buhu, girmansa kamar batirin mota, da 'yan fitilu uku a gaba da ƙaramar fanka a baya. Ya ce min faifai biyu ne a ciki, za a haɗa shi da rauta, na'urar waifai ta gida, da kebul, duk hoton da ya ɗauka ya tura can, ko yana shago zai iya buɗewa, ni ma in na ɗauki Zara da wayata hoton zai shiga da kansa.

Kwana biyu yana fama, akwatin ya ƙi haɗuwa. Ya ce an kulle shi ne a kan sunan netwok ɗin tsohon ofishin da lambobinsu, bai san namu ba. Wani abokinsa ya ce masa akwai ɗan rami a baya, in ka tsira allura zai manta komai ya koma sabo, amma wasu in an yi musu haka ba sa sake tashi. Baban Zara ya ji tsoro. Da ya kifa akwatin sai ya ga wata takarda manne a ƙasa, an rubuta sunan waifai na ofishin da lambobin da lambar sirri, sai ya ce to ai da sauƙi, maimakon a canza akwatin bari a canza gidan. A da sunan waifai ɗinmu Zara ne. Ina tsaye a kansa ya goge sunan 'yata ya sa na mutanen nan, wasu haruffa da lambobi, kuma wallahi kafin ya ɗaga yatsansa fitilar ta koma kore. Har tafi ya yi.

A ciki akwai folda guda ta tsohon ofishin, a kulle. Ya goge ta, washegari ta dawo. Ya sake gogewa, ta sake dawowa. Ya ce ƙila faifai na biyun ne yake mayar wa na farkon, don haka aka yi su, kowanne yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ya riƙe, amma na ga yadda ya sosa ƙeya, shi ma bai tabbata ba. Ya bar ta.

Matsalar da ta biyo baya ita ce yankewa. Yana shago yana tura aiki sai abu ya tsaya, ya kira ni: "Maman Zara, ya sake faɗuwa, taimaka." Ya koya min yadda ake yi, kuma har yau ban manta ba: in kashe akwatin, in zare rauta daga wuta, in ƙirga talatin, in mayar da rauta ita kaɗai, sai fitilarta ta daina ƙyaftawa sannan in kunna akwatin. Kullum ni ce a gida, don haka ni na fi shi sanin halin abin. Na san ƙarar fankarsa in yana hutawa, na san wata ƙara da yake yi in ana rubutu a cikinsa, ƙirit-ƙirit kamar kaza tana tono a kan leda. Ni ce kuma na fara lura cewa ba ya yankewa da safe, ba ya yankewa da yamma, sai bayan an idar da azahar, lokacin da zafi yake korar kowa daga layi har karnuka su shige ƙarƙashin mota. Kuma a daidai lokacin da Baban Zara yake cewa ya faɗi, a lokacin ne ƙirit-ƙirit ɗin ya fi ƙarfi. Na ce masa abin da ya faɗi yaya yake aiki haka, ya yi dariya ya ce injiniya ta gidan.

Ya ce zafi ne, ya ɗora shi a kan bulo biyu ya juya masa fanka. Ya ce ɓera ne ya ciji kebul, ya sayo sabo shuɗi. Ya ce inbatar sola ce take wasa da wuta, ya sa aka duba, lafiyarta ƙalau. Ranar wata Juma'a da ya dawo masallaci bai koma shago ba, ya zauna ya buɗe shafin rauta inda take nuna duk wanda yake kan netwok. Wayarsa, wayata, laftof ɗinsa, akwatin. Muna kallo sai wani suna ya fito a ƙasa, da Turanci, ya ce ma'anarsa teburi na huɗu. Yana fitowa mu duka aka watso mu daga netwok ɗin, akwatin ya fara tononsa.

Ya ce min lambar wannan baƙon ɗaya ce da ta laftof ɗinsa, kuma abu biyu ba sa zama a lamba ɗaya, dole wani ya ture wani. Ya ce ƙila wani tsohon ma'aikacin ofishin ne a makwabta, na'urarsa ta ga sunan da ta sani ta shiga da kanta. Wannan bayanin ya kwantar min da hankali kwana ɗaya. Ya canza lambar sirri, washegari teburi na huɗu ya dawo. Ranar Lahadi ya kashe waifai ɗin gaba ɗaya, ya bar kebul kawai, wanda sai mutum yana cikin falon ya soka da hannunsa zai shiga. Bayan azahar ya fito. Baban Zara ya daɗe yana kallon bayan rautar, ramuka huɗu, biyu da kebul, biyu babu komai. Ya tashi ya yi alwala.

Azumi ya shigo, zafi kamar a cire fata. Ranar sha biyu ga wata ina tsakar gida ina surfen wake, sai na ji muryar Zara daga falo. Yara suna magana su kaɗai, na sani, amma wannan ba irin ta wasa ba ce, tana yin shiru kamar mai saurare sannan ta amsa. Kuma da Kanuri take yi, alhali da ni Hausa take yi, Kanuri sai in kakarta ta zo. Na ajiye taɓarya na leƙa ta labule. Tana zaune a ƙasa ta naɗe ƙafa, hannu a kan gwiwa, ta ɗaga kai tana kallon sama da akwatin kaɗan, daidai inda fuskar mutum za ta kasance in yana kan kujera. Ta faɗi sunanta. Shiru. Ta faɗi sunan babanta. Shiru. Ta ɗaga yatsu huɗu. Sannan ta miƙa hannun hagu ta juya shi, inda take da tabon ƙunar kaskon turaren wuta tun tana rarrafe. Ta tashi ta je ta jingina bayanta da bango ta miƙe ƙyam, haɓarta ta ɗan ɗaga sama, kuma na rantse da Allah ba ita ta ɗaga ba, irin yadda kai yake motsi in wani ya sa yatsa a ƙasa ya gyara shi.

Wayata ta yi ƙara a aljihun zanina, Baban Zara ne, na san netwok ne ya sake faɗuwa. Ban ɗauka ba. Na shiga na fizgo ta, na ce da wa kike magana.

"Anti ce," ta ce. "Mai biro a wuya. Ta ce in tsaya kar in yi dariya."

"Tana ina?"

Ta kalli wurin ta kalle ni. "Kin shigo ta tafi. Ta ce ke ma za ki zo."

Na karanta duk abin da na iya na tofa mata, na goya ta duk da ta wuce goyo. Da akwatin ya yi shiru sai na buɗe manhajar da babanta ya sa min ta kallon hotuna. Foldar nan da take a kulle, yau a buɗe take. Jama'a, fuskokin yara ne. Na yi ta ja da yatsa ba sa ƙarewa, maza da mata, wasu hoton makaranta ne, wasu an yago su daga hoton biki har ana ganin hannun babba a kafaɗarsu, kowanne da takarda a gefensa. Na ƙarshe Zara ce, a jikin bangon falona, ga ma ƙusar da muke rataye kalanda. Amma ba rigar da take jikinta ba ce. A hoton tana sanye da doguwar riga ruwan ɗorawa mai zanen fararen tsuntsaye, hannun a kumbure, kuma wajen gefen ƙasa akwai wani ɗan tabo ja-ja.

Na san yadin. Kakarta ce ta kawo mata na Sallah, yana cikin akwatina na ƙarfe, ko almakashi bai taɓa shi ba, ban kai wa tela ba tukuna. Na buɗe na warware shi a kan gado. Kwalbar humrata ta ɗan tsiyaya a kansa ban sani ba, ga tabon nan a gefe.

Na ɗauki waya da yarinya na shiga gidan Ya Kaltum, makwabciyarmu, malamar firamare ce, ita take karanta min duk abin da ya zo da Turanci. Ta sa tabarau ta duba, ta cire ta goge ta sake sawa. Ta ce wannan fom ɗin cigiya ne, lokacin da mutane suka gudo daga ƙauyuka, wanda ɗansa ya ɓace a hanya yakan je irin ofisoshin nan a zaunar da shi a teburi a rubuta. Na ce ta karanta min na Zara. Ta ce in bari babanta ya dawo. Na ce Ya Kaltum don girman Allah.

Ta karanta a hankali. Suna, shekaru, tabo a hannun hagu. Kayan da take sanye da su ranar da ta ɓace: riga ruwan ɗorawa mai tsuntsaye. Inda aka gan ta ƙarshe: bakin bohol, tana riƙe da koriyar buta. Wanda ya kawo cigiya: mahaifiya, da sunana cikakke har na ubana. A ƙasa babu sa hannu, dangwalen yatsa ne, kuma ni dangwale nake yi a ko'ina. Layin kwanan wata ne kawai babu komai.

Bayan shan ruwa na nuna wa Baban Zara. Ya ce yanzu ana haɗa hoto, shi ma zai iya sa wa mutum rigar da bai taɓa sawa ba, wani ɗan iska ne yake wasa da mu. Na ce to tabon humrar fa, wa ya shiga akwatina. Ya goge fom ɗin, kafin ya ajiye wayar ya dawo. Sai ya tashi ya zare akwatin daga wuta, ya naɗe kebul ɗin, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Saura yadin. Ni niyyata in ƙona shi, har na fito da shi tsakar gida da ashana. Ya Kaltum ta leƙo ta katanga ta ce haba ƙanwata, sabon yadi, a watan azumi, ga marayu cike da gari, kuma me za ki ce wa surukarki in ta ji kin ƙona kyautarta? Ta ce ki yi sadaka da shi, ki yi niyyar Allah ya kare miki 'ya, abin da aka bayar don Allah ba ya zama sharri. Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani, haka muka taso, in ka yi mugun mafarki ko ka ji tsoro sadaka ake yi. Ba ita nake ɗora wa laifi ba.

Akwai wata mata da take zuwa mana wanki sau biyu a mako, Ya Bintu, daga ƙauye suka gudo, mijinta da 'ya'yanta maza biyu ba su iso ba, 'yar autarta kaɗai ta rage mata, Aisa. Tsayinsu ɗaya da Zara, in uwar tana wanki su biyun suna gindin dogon yaro suna dafa ƙasa a murfin kwalba. A nan ne nake so ku ji ni da kyau, don shekara uku ban faɗa wa kowa ba, har Baban Zara. Lokacin da na miƙa wa Ya Bintu ledar, bakina yana cewa sadaka ce, amma can wani lungu na zuciyata akwai wata magana, ƙarama, cewa in dai dole sai wata yarinya ta sa rigar nan, to kada ta zama tawa. Na ji maganar sarai. Ban janye hannuna ba.

Ya Bintu ta warware yadin ta sa a fuska tana shinshinawa, ta ce har da ƙamshi. Ta ce tun da suka zo garin nan Aisa ba ta taɓa sa sabon kaya ranar Sallah ba, sai kwance. Ta yi ta sa min albarka har na shige ɗaki na bar ta tana yi.

Ranar Sallah na kulle ƙofa, na ce Zara ba ta jin daɗi, ko gidan kakarta ban bari an kai ta ba, tana ta kuka da tsohuwar riga. Da hantsi aka ƙwanƙwasa, Ya Bintu ce ta kawo Aisa in gani. Wani tela ne can unguwarsu ya ɗinka, bai taɓa ganin hoton ba, ban taɓa gaya masa komai ba, amma hannun a kumbure, tsayin ɗaya, tabon humra ya faɗo daidai gefen ƙasa. Yarinyar ta juya min gaba ta juya baya tana rufe baki don kunya. Uwar ta ce gaishe da Anti mana, ita ta yi miki. Da a lokacin na ce ta cire, da na ce kada ta je bohol, ko da za ta ɗauke ni mahaukaciya, da yanzu ba wannan labarin nake rubutawa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya Bintu, a dai kula da ita, kin san Sallah." Ta ce in sha Allah. Na ba su nama da cincin suka tafi.

Washegari bayan azahar Ya Bintu za ta yi alwala ruwa ya ƙare, ta ba Aisa buta ta ce ta tsallaka ta ɗebo. Yarinyar ta ƙi cire rigar tun jiya. Bohol ɗin daga ƙofar kangon da suke zaune ana hango shi, akwai mata a layi, wata ta ce ta ga yarinya mai rigar tsuntsaye ta tsaya a bayanta, ita matar ta sunkuya ta gyara bokiti, ta ɗago babu ita. An tsinci butar a tsaye, cike da ruwa, murfin a rufe. Koriya ce.

An yi duk abin da ake yi. Mai unguwa, lasifikar masallatai, asibitoci, gidan rediyo, Baban Zara ya ɗauki keke napep ya zaga har unguwar Abbaganaram yana tambaya. Duk inda aka je sai a ce a kawo hoto. Ya Bintu ƙaramar waya ce da ita mai tocila, ba ta da hoton 'yarta ko ɗaya, wanda suke da shi ya ƙone a ƙauye. Rana ta uku ta zo gidana, lafayarta duk ƙasa, muryarta ta dishe, ta zauna a bakin ƙofar falo ta ce, "Maman Zara, mijinki mai hoto ne. Ko a bayan Zara ne, ko rabin fuska, ki duba min."

Na ce ta jira a waje. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na yi yadda aka koya min, rauta da farko, na ƙirga talatin, sannan shi. Abin da yakan ɗauki minti biyar yana ƙyafta ido, ranar nan take ya zama kore, kamar jira yake. Na buɗe foldar na ja har ƙasa. An ƙara fom ɗaya. Aisa ce, a tsaye ƙyam, haɓa a ɗage, ba ta dariya, cikin rigar. Bangon da ke bayanta ba na gidana ba ne, ba kuma na kangonsu ba, wani fari ne fat mai layin shuɗin fenti. Na iya gane lambobi, layin kwanan wata a cike yake, washegarin Sallah. A ƙasa akwai dangwale, babban yatsa mai tsaga a tsakiya, irin na hannun da omo ya ci.

Baban Zara ya yanke hoton ya bar yarinyar kaɗai, ya wanko guda ashirin a shago. Da na miƙa wa Ya Bintu ta kalla ta daɗe, ta shafa fuskar da yatsan nan nata. Ta ce yaushe kika ɗauke ta ban gani ba? Na ce ranar Sallah, kina gaisawa da Ya Kaltum. Ta kama hannuna biyu ta ce, "Ke kika sa mata riga, ke kika ajiye min fuskarta. Allah ya raya miki Zara, Allah kada ya nuna miki abin da na gani." Na ce amin. Wallahi na ce amin.

Kafin a kashe akwatin na koma kan fom ɗin Zara, ina fatan ya tafi. Yana nan. Hoton ne ya canza, an matso da shi, fuska ce kawai zuwa wuya, ba a ganin riga. Na kai wa Ya Kaltum, ta karanta ba ta kalle ni ba: suna yana nan, tabo yana nan, sunana da dangwalena suna nan. Layin kayan da take sanye da su babu komai. Layin inda aka gan ta ƙarshe babu komai. Daga ranar ni da ita gaisuwa kawai muke yi, kowa ya san abin da ɗaya ya sani.

Baban Zara ya tsira allurar a ƙarshe, akwatin ya manta komai, har bikin mutane uku ya tafi, foldar ce kawai ba ta tafi ba. Ya koma wurin mai gwanjon, mutumin ya ce shi a tuli ya saya, ma'aikatan duk sun watse, bai san teburin kowa ba. Sai ya ciro faifan biyu ya farfasa da guduma ya zuba a masai, ya sayar da rautar, bayan wata biyu muka tashi muka koma Old Maiduguri kusa da mahaifiyarsa. Sabuwar rauta, sabuwar waya, ko suna ban bari ya sa mata ba, lambar da ta zo da ita ce.

Ba a ga Aisa ba har yau. Ya Bintu ta daina wanki, tana zama kusa da bohol ɗin da hoton a cikin leda, mutane suna ba ta abin da ya sawwaƙa. Duk wata nakan hau keke in kai mata abinci, ba don ni ta kirki ba ce, ba na iya barin zuwa ne. Kullum sai ta tambaye ni, yaya ƙawar Aisa, ta yi tsawo ko?

Ta yi tsawo, shekararta bakwai. Ba na aiken ta ko ƙofar gida, surukata tana cewa zan lalata yarinya da tsoro. Wani lokaci bayan azahar netwok yana ɗaukewa a gidan, kowa ya ce ai haka kamfanonin suke, ni kuma in na buɗe jerin waifai sai in ga sunan nan, haruffa da lambobi, a saman namu, sandunansa a cike kamar a ɗakin yake. Ba na taɓawa. Nakan kife wayar in je in zauna kusa da Zara har a kira la'asar. Sau ɗaya na nuna wa babanta, kafin ya karɓa ya ɓace, ya ce in rage tunani, amma ranar bai koma shago ba.

Shawarata gare ku, in kun sayi irin akwatin nan na hannu, ku tambayi inda ya yi aiki, ku wanke shi tas kafin ya kwana a gidanku, in ya ƙi wankuwa ku rabu da shi. Kada ku cire sunan gidanku ku sa na wasu don na'ura ta yarda da ku, ba ku san wa yake neman sunan ba. Kuma in kun ji tsoron wani abu har ba kwa so ya taɓa jikin ɗanku, kada ku kira shi sadaka ku miƙa wa ɗan wani, ku ƙona shi, ko da duk unguwa za ta zage ku.

Sallah saura kwana tara. Jiya kakarta ta aiko da yadi, shuɗi ne mai ganye, yana nan a kan gado cikin ledarsa. Na duba shi ciki da waje, babu tabo, babu komai. Wancan karon aƙalla an nuna min rigar. Yanzu layin a buɗe yake, kowace riga ce za ta iya shiga.